Butocin da Suka Tafi Sau Biyu

A kamfanin robobin da na yi wa aiki, duk abin da ke da waya a jikinsa nawa ne. Mai kula da kwamfutoci aka ɗauke ni, amma kafin a biya ni albashin farko na gyara fankar masallaci, na cire wa wata Hajiya lambar sirrin wayarta da ta manta, na kuma duba wani firji da ya mutu tun ina firamare. Sunana ya ɓace, na koma Injiniya. In ka ce wa mutanenmu manhaja ka karanta, sai su gyaɗa kai cikin girmamawa, su miƙo maka tocilan da ta lalace.

Kamfanin a Kano yake, na wani Alhaji ne mai ƙarancin magana da yawan lissafi. Muna yin bokiti, baho, kujeru, sai butoci, waɗanda su ne suka gina masa gida. Narka roba da ofis suna Sharaɗa, a Challawa ake saƙa buhuna, sito kuma yana Bompai inda motoci ke lodi. Da can in dila, wato mai sari, ya sayi kaya, masinja ke hawa babur ya kai takarda sito. Sai aka zuga Alhaji cewa zamani ya wuce nan. Aka kira 'yan kwangila daga Legas suka girka saba biyu, wato manyan kwamfutocin da sauran ke jingina da su, ɗaya a Sharaɗa ɗaya a Bompai. Suka ci kilishi, suka yi hoto da Alhaji, suka tafi. Wanda ya haɗa tsarin da hannunsa an ce daga baya ya bar ƙasar, lambarsa kuwa in ka kira wata mata ce ke ba ka haƙuri ta ce ka sake gwadawa.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Akawu ya shigar da oda a Sharaɗa, sabar can ta manna wa saƙon lamba ta tura Bompai ta intanet. Sabar Bompai ta karɓa, firinta ta fito da takardar lodi, sannan ta mayar da amsa cewa saƙo lamba kaza ya iso. In amsa ba ta zo ba, ta Sharaɗa ba ta san haƙuri ba. Za ta sake turawa, ta kuma sakewa, har sai an tanka mata. Ina da gwaggo mai irin wannan hali, wadda in ta ce ka gaida mutanen gida ba ka ce za su ji ba, har bakin titi za ta biyo ka. Don kada nacin ya zama ɓarna, ita ta Bompai tana riƙe lambobin da ta riga ta karɓa, in saƙo ya maimaitu sai ta amsa masa kawai, ba ta buga takarda ta biyu. 'Yan Legas sun rantse cewa ko sabis ya ɗauke kwana da kwanaki, saƙo ba zai ɓata ba, kuma ba zai isa sau biyu ba. Rabin farko na rantsuwar gaskiya ne.

Cikin wata bazara mai zafin gaske wani dila ya bugo wa Alhaji waya daga Damagaram yana ta zuba godiya. Ya ce mota guda ta butoci ya saya, ga biyu sun iso, in ihsani ne Allah ya saka da alheri, in kuma kuskure ne a zo a kwashe, don ko duk garin za su riƙa alwala sau goma a rana ba za su ƙarar da su ba. Alhaji bai san ihsani irin wannan ba. Ya tura odita, mai binciken lissafi, sito, aka ƙirga kaya, aka ga rami. Ashe ba dilan Damagaram kaɗai tsuntsu ya faɗo wa daga sama gasasshe ba, shi ne dai kaɗai ya ji tsoron Allah.

Kwamfutar Sharaɗa ta nuna oda ɗaya, Bompai ta saki kaya sau biyu. Wa ke sakin kaya a Bompai? Malam Mai Sito.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ba na cikin masoyansa. Dattijo ne mutumin Jigawa, siriri, mai hula ɗaya da tsare gida. Na taɓa roƙonsa wani bokiti fasasshe in riƙa tara ruwan esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya ce in kawo takarda daga Sharaɗa. Takarda ce addininsa na biyu. In ta fito daga firinta zai loda, in ba ta fito ba ko Alhaji ne ya zo da kansa sai ya ɗan yi gardama. Da odita ya tuhume shi, sai ya ɗauko takardun biyu-biyu ya shimfiɗa, yana ganin ya wanke kansa. Odita ya ce ai wannan ita ce shaidar, shi ne ke sake bugawa ya haɗa baki da direbobi. Mutumin da ko kunna firintar sai an taya shi!

Aka karɓe makullai, aka ce ya je gida ya huta. A wurinmu in aka ce maka ka huta, to ka fara neman wani aikin. Leburorin da ya daɗe yana hana su rawar gaban hantsi suka samu abin yi, har waƙa suka ƙaga masa ta ɓarawon buta. Alhaji ya kira ni ofis, bai ko ce in zauna ba.

"Injiniya, na'urar nan tana ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ba ta ƙarya, amma takan yi shirme."

"To ka duba min ko shirme ne. In ba shi ba ne, hedikwatar 'yan sanda ba ta da nisa da sito. Bayan Juma'a zan miƙa shi."

Na fita ina jin haushin bokitina. Mutum ya hana ka bokiti daban, a ɗaure shi a kan butocin da bai ci ba daban.

Na fara da inda kowane injiniya ke farawa, wato ɗora wa sabis laifi. Sabis ya saba, bai taɓa musu ba. Amma na gwada layin, na ga ko ya yanke tsarin yana jure masa kamar yadda aka yi alkawari. Na koma kan ɓeraye, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ban ga cizo ba. Na tafi Challawa, ko kwamfutar can ce ke tsoma baki a zancen da ba nata ba, na sha warin majemu a banza na dawo. Wani akawu ya ja ni gefe ya ce shi fa a ganinsa sammu aka yi wa kamfanin, yana da malami a Zawaciki wanda ya taɓa warware wa wani injin niƙa irin wannan matsalar. Na ce ya ajiye min lambarsa, don a ranar ban ga abin da na fi malamin da shi ba.

Daga nan na zauna na karanta bayanan da kowace saba ke rubutawa game da abin da ta yi. Ta Sharaɗa ta cika shafi da ƙorafi: na tura, ba amsa, na sake, ba amsa. Kullum kuma da rana tsaka, bayan Azahar. Wannan bai ba ni mamaki ba sosai, don akawunmu suna da al'adar tara oda tun safe suna hira, sai an kira salla su danƙara su gaba ɗaya su ruga alwala. Abin da ya ɗaure min kai ta Bompai ce. Tana cikin aiki sai ta yi ɗif, ba kuka ba sallama, can wajen La'asar ta farka kamar yau aka haife ta. Da na tona saitinta na gano wata kasala ta 'yan Legas. Lambobin da ya kamata ta riƙe, a ƙwaƙwalwar wucin gadi suka bar mata su, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke, maimakon faifan ajiya. Ga shi kuma ba ta amsa saƙo nan take, sai ta tara 'yan kaɗan ta amsa su a dunƙule. Ke nan in ta mutu bayan ta buga takarda amma kafin ta amsa, in ta farka ta manta komai, ta Sharaɗa na nan tana naci, ita kuma ta karɓi tsohon saƙo hannu bibbiyu ta sake bugawa.

Na samu rabin amsa. Saura me ke kashe ta. Ba wutar gari ba ce, don tun da dizal ya yi tsada Alhaji ya ce a riƙa kashe janareta lokacin hutun rana, aka haɗa wa ɗakin saba sola da batir nasa shi kaɗai, har da esi. Na auna batir lafiya lau. Na buga wa maigadin Bompai waya na ce ko akwai mai shiga ɗakin da rana. Ya ce shi dai aikinsa bakin ƙofa ne. Na tambayi akawun sito, ya ce Allah ne masani. Na tambayi direban da ke wuni a gindin bishiyar da ke kallon ɗakin, ya ce shi idonsa ba ya gani sosai da rana. In mutum uku a Kano suka makance a kan abu guda, to babba ne a wurin.

Washegari na yi Azahar a hanya, na kutsa tsakanin tireloli da adaidaita sahu na isa sito ba tare da na sanar da kowa ba. A ƙofar ɗakin saba na tarar da takalmi sau ciki, an jera shi tsaf. Na san takalmin. Duk kamfanin ba wanda bai san shi ba.

Alhaji yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya kuma ba shi jarin farko. Da arziki ya juya, ƙane ya yi sama wa ya tsaya inda yake, sai aka buɗe masa ofis a Bompai aka rubuta Janar Manaja a ƙofa. Aikinsa amsa gaisuwa da raba goro. Kowa Baba yake ce masa, har Alhajin, wanda ba ya zama a kujera in Baba na tsaye.

Na tura ƙofa a hankali. Sanyi ya buge ni. Ga Baba shame-shame a kan darduma, da filo, hula a kan ciki, kwanon fura a daidai bakin esi yana shan iska. Saba kuwa tsit, an zare wayarta daga soket an rataye a ƙusa cikin mutunci. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba, in ka ɗebe minshari.

Na durƙusa a bakin ƙofa ina jira, don ba a tashin babba. Can ya buɗe ido.

"A'a, Injiniya ne? Shigo mana, shigo ka sha sanyi."

"Barkanku da hutawa, Baba."

"Barka kadai. Ai ofishina da rana gidan burodi ne. Ɗan'uwan nan nawa ya kashe mana inji, ya bar wa ƙarfe esi. Ka taɓa ganin inda ƙarfe ya yi gumi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Na ga kamar an kashe na'urar."

"Ni ne nan. Gurnaninta ya yi yawa, ba ta barin mutum ya runtsa. Kuma ita ma ai baiwar Allah ce, tana son hutu. In na tashi nakan mayar mata da abarta da bismilla, ba ta taɓa ƙin tashi ba."

Ya miƙo min fura. Na sha. Me zan ce? Shekarun da na yi ina karatu ba a koya mana yadda ake gaya wa wan mai kamfani cewa ƙailularsa ta kusa kai mutum gidan yari ba. Na yi godiya, na yaba sanyin furar, na fito.

Da yamma na nemi gidan Malam Mai Sito a Dakata. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, hular nan tasa ta yi masa yawa. Na zayyana masa komai ina jiran ya yi hamdala. Sai ya harare ni.

"Ku yaran zamani ba ku da ta-ido. Yanzu sai ka je ka ce wa Alhaji yayansa ne?"

"To Malam, in ce wa? Ku za a miƙa fa."

"In ka faɗa, Alhaji zai kori Baba ne? Ni da kai za a kora, don mun sa ya ji kunya a gaban mutane. Kuma Baba ne ya kawo ni aikin nan da hannunsa."

Ya juya yana kallon tireloli na wucewa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ba aikin ne ke hana shi barci ba. Jiya 'yarsa ta dawo daga Islamiyya tana kuka, yara sun rera mata waƙar buta. A masallacin unguwa kuma wanda suka shekara ashirin suna haɗa kafaɗa ya fara janye aljihunsa.

"Ka wanke ni, Injiniya, amma kada ka ambaci kowa. In ba za ka iya ba, ka bar ni da Allah."

Na hau babur ina zaginsa a zuci. Ya hana ni bokiti, yanzu kuma ya hana ni gaskiyata. Amma tausayinsa ya kama ni sosai, har na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. A mayar da lambobin kan faifan ajiya, a sa ta amsa kowane saƙo da zarar ta adana shi, shi ke nan, ko Baba zai kwana a ɗakin ba abin da zai maimaitu. Amma ban taɓa komai ba tukuna. In na gyara a ɓoye, matsala ta ɓace daidai lokacin da aka kori Mai Sito, kowa zai ce ai ga shi nan, ɓarawo ya tafi sata ta tsaya. Sai na roƙi Alhaji ya zo Bompai ya gani da idonsa, don gani ya kori ji.

Ya zo ranar Alhamis da rana, da odita a bayansa. Baba ya fito tarbar ƙanensa, ya biyo mu har ɗakin saba, abin da ban shirya masa ba. Na buga wa akawun Sharaɗa waya na ce ya turo odar gwaji ta buta guda. Firinta ta fito da takarda. Kafin saba ta mayar da amsa na fizge waya daga soket. Na ɗan jira, na mayar. Ta yi gurnaninta ta farka, muna tsaye cirko-cirko, sai ga takarda ta biyu, buta guda, oda iri ɗaya, ba hannun kowa. Na miƙa wa Alhaji duka biyun. Odita ya soma duba agogonsa.

Alhaji ya jujjuya takardun.

"Ke nan duk ranar da ta mutu sai ta yi haka."

"In ta mutu da saƙo a bakinta, ranka ya daɗe."

"To me ke kashe ta?"

Maigadi da ya leƙo ya janye kansa. Na ji gumi na bin bayana a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a Bompai.

"Zafi ne, ranka ya daɗe. In zafin rana ya yi yawa, sai a samu ta mutu."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi esi da ke ta huro sanyi har haƙori na kaɗawa. Ya sauke ido ya dubi kusurwa, inda aka naɗe darduma aka ɗora mata filo, ga kwanon fura an kife. Ya dubi ƙusar da ke jikin bango kusa da soket. Sannan ya dubi yayansa. Baba yana jan carbi yana nazarin silin kamar yau aka kafa shi, amma na lura carbin ya tsaya a ƙwaya ɗaya.

"Lallai zafin bana ya yi yawa," in ji Alhaji. "Injiniya, ka gyara abarka. Gobe kuma a sa wa ofishin Baba sola da esi, mai ƙarfi. Bai kamata ƙarfe ya fi mutum jin daɗi ba."

"Ai na daɗe ina faɗa," in ji Baba, amma muryar ba ta fito da ƙarfinta ba.

Alhaji ya tura direbansa Dakata. Ni kuwa na zauna na yi gyaran, na gwada shi ta hanyar fizge waya har hannuna ya gaji, takarda ɗaya tak ke fitowa. Ina cikin haka na hango Mai Sito ya sauko daga motar Alhaji, ya tsaya a tsakar sito bai san inda zai sa kansa ba. Na fito don in ga yadda masu kuɗi ke ba da haƙuri, tunda ban taɓa gani ba. Ban gani ba kuwa. Alhaji ya amsa gaisuwarsa, ya tambaye shi iyali, ya sa masinja ya miƙa masa makullai, ya juya yana waya. Leburori na gefe suna kallon ƙasa, wasu na murmushi. Raina ya ɓaci ƙwarai. An mayar masa da makulli, amma a idon mutanen nan har yanzu ɓarawo ne da aka yi wa afuwa.

Aka kira La'asar. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwar sito, direbobi, leburori, odita, Alhaji, kowa da kowa. Baba ne ke jan salla a Bompai in yana nan, ba a ma tambaya. Aka ta da iƙama, ya taka gaba kamar kullum, sai ya tsaya. Ya waiwayo yana bin sahu da ido har ya gano Mai Sito can ƙarshe, inda ya raɓe. Ya ratsa mutane ya kamo hannun rigarsa.

"Malam, wuce ka ja mu."

"Haba Baba, ina ni ina gabanku?"

"Wuce mana, ka tsai da mutane a rana."

Ya ja shi har kan dardumar liman, shi kuma ya koma baya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙanensa. Mai Sito ya gyara hularsa, ya ɗaga hannuwa, kabbarar ta fito a karye. Ina sahu na biyu tsakanin leburori biyu da na san da bakinsu aka rera waƙar nan, na ji na damana yana jan hanci. Ni ma idona ya cika, ina jin haushin kaina a kan haka.

Da ya kai goshinsa ƙasa a sujadar farko ya daɗe bai ɗago ba, ya daɗe sosai. Akwai direbobi a sahun da motocinsu ke kunne a waje suna cin dizal, amma ba wanda ya yi gyaran murya.